Bashin Karatu da Horon Hafsan Soja a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ƙarshen watan Mayu, da zarar an gama bukukuwan yaye ɗalibai, sai tambayoyi iri ɗaya su fara zuwa mini, wasu ta waya, wasu a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a a nan Bronx, a birnin New York. Yaro ko yarinya sun gama digiri, sun samu gurbi a makarantar horon hafsoshin soja, ga kuma bashin karatu a wuya. Kusan kowa yana zuwa da amsar da ya riga ya tsinta a gari: "Ai da ka sa kaki bashin ya tsaya." Wannan magana ƙarya ce, kuma ita ta jefa ɗan ƙanwata cikin rikicin da ya fi shekara yana warwarewa. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda. Ina cewa "kai" ne don sauƙin rubutu, amma 'yan matanmu da ke shiga wannan aiki maganar ta shafe su daidai wa daida.

Wane horo ake nufi, kuma tsawon wane lokaci yake ɗauka?

Wanda ya riga ya gama digiri yana shiga ne ta makarantar da ake kira OCS. Ta sojan ƙasa tana Fort Benning a jihar Jojiya, mako 12, amma farar hula sai ya fara yin horon kurata na kimanin mako 10 kafin ya isa can. Ta sojan ruwa tana Newport a Rhode Island, mako 13. Sojan kundumbala na Marin suna yin tasu a Quantico ta jihar Bajiniya, mako 10, sannan sabon hafsa ya ƙara kusan wata shida a wata makarantar a wuri guda. Sojan sama kuwa a sansanin Maxwell da ke Alabama suke, kimanin wata biyu, kuma su OTS suke ce wa tasu.

Ana biyan albashi a lokacin horon, yawanci albashin saje. A 2024 ya kai kusan dala 2,870 a wata kafin haraji. Bayan an maƙala maka anininka na farko ya koma dala 3,826 a jadawalin wannan shekarar, ban da alawus na gida da na abinci.

Bashin yana tsayawa da kansa idan na tafi?

A'a. Kamfanin da ke karɓar biya a madadin gwamnati, ko MOHELA ne ko Nelnet ko Aidvantage ko Edfinancial, zai ci gaba da turo takardar biya kowane wata kamar kana zaune a ɗakinka. Idan ba ka nemi wani abu a rubuce ba, ba abin da zai sauya game da ranar biya.

Amma ai na ji akwai dakatarwa ta musamman ga sojoji?

Akwai, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ma'aikatar Ilimi tana da dakatar da biya ta aikin soja, wadda a takardunsu suke kira difamen. Sharaɗinta shi ne kana cikakken aikin soja a lokacin yaƙi, ko wani aikin soja da aka ayyana, ko dokar ta-ɓaci ta ƙasa, kuma aikin naka yana da alaƙa da wannan al'amari. Wanda ya cika sharaɗin ana dakatar masa da biya muddin yana can, a ƙara masa kwana 180 bayan ya dawo. Sai dai a jikin takardar neman an rubuta ƙarara cewa horo da zaman makarantar soja ba sa cikin abin da ake nufi da cikakken aiki. Ke nan OCS ba ta ciki.

Ɗan ƙanwata bai san haka ba. Ya gama karatu, ya yi shekara yana aiki a wani shago yana biyan bashinsa daidai, sannan ya samu gurbi a sojan ƙasa. Wani ya ce masa da baki kawai kada ya damu, za a dakatar. Ya cika takardar neman dakatarwar a daren da zai tafi, ya jefa, ya soke cirar kuɗi daga asusunsa. Aka ƙi amincewa da buƙatar, wasiƙar ƙin ta je tsohon adireshinsa, shi kuma yana can ana tashinsa da asubahin fari ba waya a hannu. Ko da ya fito bayan mako 22, an riga an kai sunansa hukumomin da ke ajiye tarihin biyan bashi. Ranar da aka maƙala masa anini uwarsa ta yi kukan murna, bayan mako biyu kuma ya je neman hayar gida kusa da sansaninsa aka ce kiredit ɗinsa, wato tarihin biyan bashinsa, ya lalace. Har yau abin yana ci mini rai, domin kiran waya ɗaya kafin tafiya ya isa ya hana duk wannan.

Na gama jami'a a Mayu, horo zai fara a Yuli. Ba ina da wata shida na hutu ba?

Kana da su. Bashin gwamnatin tarayya na ɗalibi ba a fara biyansa sai bayan wata shida da barin makaranta, don haka takardar farko za ta zo wajen Nuwamba ko Disamba. Idan horonka gajere ne, za ka iya fitowa kafin lokacin. Idan na sojan ƙasa ne ko na Marin, wa'adin zai cika kana tsakiyar wata makarantar. Agogon ba ya tsaya wa wanda ya shiga rundunar dindindin. Sojan ko-ta-kwana da aka kira aiki na fiye da kwana 30 shi ne doka ta ce a cire masa kwanakin aikin daga lissafi, har zuwa shekara uku, ya dawo ya samu wata shidansa cif.

Ka kuma tuna cewa hutun sau ɗaya ake ba da shi. Wanda ya riga ya cinye nasa bayan digiri, ba ya da wani.

To mece ce dokar SCRA, kuma me za ta yi mini?

Wannan ita ce dokar da ta san da zamanka tun ranar farko ta horo. An kafa ta a 2003, ta gaji wata tsohuwa ta 1940. Ita a wurinta horo da makarantar soja duk cikakken aiki ne. Abin da ta ce shi ne: duk bashin da ka ci kafin ka shiga aiki, ba za a caje ka kuɗin ruwa fiye da kashi 6 cikin ɗari a shekara ba muddin kana aiki. Abin da ya haura haka yafe shi ake yi, ba a tara maka shi sai ka fito. Ta shafi bashin gwamnati, ta shafi na banki, har da katin bashi da bashin mota.

Ba ta hana biya, ruwa kawai take ragewa. Kuma amfaninta ya danganta da shekarar da ka ci bashin. Wanda ya karɓa a zangon 2020 zuwa 2021 ruwansa kashi 2.75 ne, na 2022 zuwa 2023 kashi 4.99, waɗannan dama suna ƙasa da shida, ba abin da za ta taɓa. Bashin digirin farko na 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 ne, rangwamen kaɗan ne: a kan dala 30,000 bai wuce dala 159 a shekara ba. Masu digiri na biyu da lauyoyi da likitoci su ne ke cin moriya sosai. A wannan zangon ruwansu kashi 8.08 ne, don haka mai dala 50,000 a wuya zai tsira da dala 1,040 duk shekara.

A bashin gwamnati, kamfanonin suna duba rajistar Ma'aikatar Tsaro su rage da kansu. Duk da haka ka leƙa asusunka bayan wata biyu ka gani da idonka. A bashin banki kai za ka rubuta, ka haɗa da kwafin takardar da aka kira ka aiki. Doka ta ba ka har kwana 180 bayan ka bar aiki ka nema, kuma za a koma a lissafa tun daga ranar da ka fara. Kada ka ɗauka kowa zai bi doka don Allah: a 2014 Ma'aikatar Shari'a ta sa kamfanonin bashin ɗalibai na Sallie Mae da Navient biyan dala miliyan 60 ga dubban sojojin da aka caja fiye da kima.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Idan ka haɗe basussukanka wuri guda, ko ka sake cin wani don biyan tsohon, bayan ka riga ka shiga aiki, sabon bashi ne a idon doka, ba wanda aka ci kafin aiki ba, kuma kariyar kashi shida ta tafi ke nan. Mai niyyar haɗewa ya yi kafin ranar tafiya.

Ba zan iya roƙon su ɗaga mini ƙafa na 'yan watanni ba?

Za ka iya. Shi ne abin da suke kira fobiyarans, kuma shi ne abin da ma'aikacin kamfanin zai fi saurin miƙo maka a waya saboda ya fi sauƙi a gare shi. Ana ba da har wata 12 a lokaci guda, jimilla shekara uku. Akwai kuma na dole, wanda ba su da ikon hanawa, idan abin da kake biya a wata ya kai kashi 20 cikin ɗari na albashinka kafin haraji.

Illarsa biyu ce. Ruwa yana ci gaba da taruwa a kan kowane irin bashi, har wanda gwamnati ke ɗauke wa ruwa lokacin karatu. Dala 30,000 a kashi shida, wata shida, dala 900 ke nan ta hau kanka kana fareti. Tun Yulin 2023 an daina narka wannan ruwan cikin uwar kuɗi a bashin Direct, wato wanda gwamnatin tarayya ke bayarwa kai tsaye, idan ɗaga ƙafar ta ƙare, amma dai sai ka biya shi. Ta biyu, watannin ba sa shiga lissafin yafiyar da zan yi bayani yanzu. Ga wanda tafiya ta zo masa ba shiri, ɗaga ƙafa ta fi shiru nesa ba kusa ba. Ga wanda yake da mako uku ko huɗu a hannu, akwai abin da ya fi ta.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta kuma taƙaita ta: bashin da aka ci daga 1 ga Yulin 2027 ba zai samu fiye da wata 9 cikin kowane wata 24 ba.

To wace hanya kake ganin ta fi?

Ga mafi yawan yaranmu, kada ka dakatar da biya sam. Ka koma tsarin biya gwargwadon samu, ka sa cirar kuɗi ta atomatik, ka tafi horonka da kwanciyar hankali.

Ga yadda yake aiki. A tsarin IBR ana duba abin da ka samu bisa takardar harajinka ta baya, a cire ninki ɗaya da rabi na layin talauci (adadin samun da gwamnati ta ƙayyade a matsayin iyakar talauci), a ɗauki kashi 10 cikin ɗari na ragowar idan ka fara cin bashi daga Yulin 2014, ko kashi 15 idan ka riga haka. A 2024 abin da ake cirewa ga mutum guda dala 22,590 ne. Ɗalibin da bara bai samu abin da ya kai haka ba, biyansa na wata sifili ne, kuma sifilin nan biya ne a idon doka, ba makara ba ce. Wanda bai cika takardar haraji ba a shekaru biyun baya za a nemi shaidar abin da yake samu yanzu.

Ko bayan ka zama hafsa lissafin yana da sauƙi, domin alawus na gida da na abinci ba a cire musu haraji, ba sa shiga abin da ake dubawa. A lissafin 2024, sabon hafsa mai albashin dala 3,826 a wata, wato kusan 45,900 a shekara, zai biya wajen dala 194 a wata. A tsarin shekara goma na yau da kullum, mai dala 30,000 a kashi shida dala 333 zai riƙa biya.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan hanya shi ne shirin PSLF, wanda majalisa ta kafa a 2007. Duk wanda ya yi biya 120 yana cikakken aikin gwamnati, ana yafe masa abin da ya rage na bashin Direct, kuma gwamnatin tarayya ba ta cire haraji a kan abin da aka yafe. Aikin soja aikin gwamnati ne tun daga ranar da ka shiga horo. Kowane wata da ka yi a Fort Benning ko Newport a kan tsarin biya gwargwadon samu, ko da sifili ka biya, ɗaya ne cikin 120. Wanda ya zaɓi ɗaga ƙafa ya yi watannin nan a banza ta wannan fuskar. Watannin hutun bayan makaranta su ma ba sa shiga, tunda biya bai fara ba. Duk shekara ka cika takardar shaidar aiki, kwamandanka ko jami'in kula da ma'aikata ya sa hannu, ka ajiye kwafi. Kada ka bari sai shekara ta goma ka fara neman mutanen da aka daɗe da sauya wa wurin aiki.

Tsare-tsaren nan suna cikin sauyi. Tsarin SAVE, ɗaya daga cikin na biya gwargwadon samu, kotu ta tsayar da shi a 2024, kuma dokar 2025 ta kawo sabo mai suna RAP daga 1 ga Yulin 2026, inda mafi ƙarancin biya dala 10 ne a wata, shi ma yana shiga lissafin PSLF. Wanda ya ci sabon bashi daga wannan rana, RAP ko tsarin biya na yau da kullum ne zaɓinsa. Ka shiga studentaid.gov ka ga wanda bashinka ya cancanta.

Idan ba ni da niyyar yin shekara goma a soja fa?

Ba sai a soja za ka cika su ba, kuma ba sai a jere ba. Shekara huɗu a kaki, shida a makarantar gwamnati ko asibitin birni ko ƙungiyar agaji mai rajista, duk lissafi ɗaya ne. Wanda kuma ya tabbata kamfani zai nufa bayan wa'adinsa, kuma bashinsa bai da yawa, gara ya dage ya biya da wuri. Ba a cin tarar wanda ya biya kafin lokaci.

An ce ana karɓe waya. Me zan yi kafin in tafi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A makonnin farko ba ka da waya, ba ka da intanet, kuma ko an ba ka 'yan mintoci, mahaifiyarka za ka kira ba kamfanin bashi ba. Wata guda kafin tafiya ka shiga asusunka ka rubuta kowane bashi, ruwansa, da kamfanin da ke riƙe da shi. Ka shigar da buƙatar tsarin biyan da ka zaɓa, ka jira amsa a rubuce. Ka sa cirar atomatik, wadda ma take rage maka kashi 0.25 na ruwa. Ka bar kuɗin biyan wata biyu ko uku a asusun, domin albashin farko yakan yi jinkiri, ga kuma kayan sarki da hafsa ke saya da kuɗinsa, alawus ɗin da ake ba shi sau ɗaya dala 400 ne kacal.

Sannan ka sauya adireshi zuwa gidan wanda ke buɗe wasiƙa yana karantawa. A gidajenmu da yawa wasiƙun Turanci a kan firij suke taruwa har maigidan ya dawo daga tuƙin tasi na dare. Ka zaɓi yayarka ko ƙaninka mai lura, ka ba shi takardar wakilci, ka sanar da kamfanin sunansa, in ba haka ba ba za su yi magana da shi ba. Ofishin lauyoyin soja na sansani yana rubuta irin wannan takarda kyauta ga wanda ya riga ya shiga.

Idan na makara da biya, me zai faru da aikina?

Bayan kwana 90 ana kai rahoto ga hukumomin kiredit. Bayan kwana 270 an ɗauke ka wanda ya ƙi biya, kuma daga nan gwamnati na iya riƙe kuɗin harajin da za a maido maka ko ta yanki albashi. Ga hafsa akwai abin da ya fi wannan zafi. Kowane hafsa sai an tantance shi an ba shi izinin ganin sirrin gwamnati, kuma takardar tantancewar, SF-86, tana tambaya kai tsaye ko akwai bashin tarayya da ka makara a kansa, da ko ka taɓa wuce kwana 120 ba ka biya wani bashi ba cikin shekara bakwai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, masu tantancewa sun san haka, yawansa ba ya ba su tsoro. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne sakaci da ɓoyewa. Ka faɗi gaskiya, ka nuna takardar tsarin da kake bi.

Bashina na banki ne, kawuna ya tsaya mini.

Kashi shida na SCRA ya shafe ka, amma biya gwargwadon samu da PSLF ba su shafe ka ba. Dakatarwa kuwa sai abin da yarjejeniyarku ta ce. Wasu bankuna suna da sassauci ga sojoji, wasu ba su da shi, sai ka kira ka tambaya, ka ce a turo maka a rubuce. Kuma ka sani duk watan da ka makara, sunan kawu ne ke ɓaci tare da naka. Mutumin da ya sa hannu dominka lokacin da ba ka da komai ya cancanci ka zauna da shi kafin ka tafi, ka nuna masa yadda ka tsara.

Ni mahaifi ne. Na ci bashin Parent PLUS don ɗana, yanzu ya shiga soja. Za a rage mini?

Alhaji, sai haƙuri, ba za a rage ba. Bashin da sunanka yake, kai kuma ba soja ba ne, don haka kashi shida bai shafe ka ba, aikin ɗanka ba ya shiga lissafin yafiya, kuma ba a mayar da bashin kansa a tsarin gwamnati. Ruwan wannan bashi yana da tsada ƙwarai, kashi 9.08 a zangon 2024 zuwa 2025. Shawarata ga 'ya'ya ita ce, idan albashi ya fara shigowa kuma akwai rarar da za a zuba a bashi, a fara da na Baba.

Gaskiya ne soja na biya wa mutum bashin karatu?

Akwai shirye-shirye, amma ba kowa ke samu ba. Na sojan ƙasa ya kai har dala 65,000 cikin shekara uku, yawanci ga ƙananan sojoji masu wasu sana'o'i, kuma ana buɗe shi ana rufewa gwargwadon buƙata. A ɓangaren hafsoshi, lauyoyi da ma'aikatan lafiya ne suka fi samun irinsa. Ana cire haraji a kuɗin, kuma shekarun da ka yi don shi ba sa shiga lissafin tallafin karatu na GI Bill. Abin da ba a rubuta a kwantiraginka ba kafin ka sa hannu, babu shi, ko da wa ya yi maka alkawari.

Bankunan sojoji suna ba sababbin hafsoshi rance mai sauƙin ruwa. In karɓa in biya bashin karatu?

USAA da Navy Federal suna da irin wannan rance. Idan bashinka na banki ne mai ruwa tara ko goma, lissafin na iya fita. Idan na gwamnati ne, ka yi tunani sau biyu: kana sayar da biya gwargwadon samu, da PSLF, da yafiya idan ka nakasa ko ka rasu, a kan ragin ruwa kaɗan. Akwai ma wata kariya da za ka rasa. Bashin Direct da aka bayar daga 1 ga Oktoban 2008 ba ya tara ruwa ko kaɗan, har tsawon wata 60, muddin kana aiki a yankin da ake biyan alawus na haɗarin wuta.

Maganar riba fa? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ina girmama duk wanda ya zo da ita. Hukunci na malamai ne, ka je wa wanda ka amince da iliminsa ka faɗa masa halinka dalla-dalla. Abin da zan iya cewa ta fuskar lissafi shi ne, wanda ke son fita daga ruwa da sauri, ɗaga ƙafa ce mafi munin zaɓinsa, domin ita ce ke tara shi. Ka nemi kashi shidanka, ka umarci kamfanin a rubuce ya zuba duk rarar da ka biya a kan bashin da ya fi tsadar ruwa, ka yi amfani da watannin horo, lokacin da ba ka biyan haya mai yawa kuma ba inda za ka je kashe kuɗi.

Idan na ji rauni ko aka cire ni daga horon?

Yana faruwa, kuma ba abin kunya ba ne. Ɗan takarar Marin yakan koma gida farar hula, na sojan ƙasa kuwa ana iya riƙe shi ya cika wa'adinsa a matsayin ƙaramin soja. Idan ka bar aiki, kashi shida ya ƙare a ranar. Ka sanar da kamfanin cewa samunka ya ragu, a sake lissafin biyanka nan take, ba sai shekara ta zagayo ba. Watannin da ka riga ka tara na PSLF suna nan. Wanda Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ta tabbatar ya nakasa gaba ɗaya saboda aiki, ana yafe masa bashin gwamnati duka.

Ni ROTC nake yi a jami'a. Ni kuma a rundunar jiha nake.

Ɗan ROTC, wato mai horon hafsa yana cikin karatun jami'a, ɗalibi ne, bashinsa a dakace yake muddin yana ɗaukar aƙalla rabin darussa. Wata shidansa na fara ƙirguwa ranar da ya gama, ko da kiran aiki bai zo ba tukuna, kuma wani lokaci yakan yi watanni yana jira. Wanda ke horon hafsa na rundunar jiha a ƙarshen mako kuwa, atisayen Asabar da Lahadi ba ya jawo kariyar SCRA. Ya ci gaba da biya kamar kowa.

Ina da girin kad. Zan iya zama hafsa?

Sai ɗan ƙasa ke zama hafsa a rundunar dindindin. Mai girin kad, wato izinin zama na dindindin a Amurka, na iya shiga a ƙaramin soja, ya nemi zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin, sannan ya nemi OCS. Duk abin da na faɗa game da bashi ya shafe shi tun ranar da ya shiga horon kurata. Mai bizar karatu ba ya samun bashin gwamnatin tarayya, ba a kuma ɗaukarsa soja.

Ni daga Najeriya nake karantawa. Bashin NELFUND haka yake?

Daban yake, bashin karatu ne na gwamnatin Najeriya. Dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ta ce bashin ba shi da ruwa, biya na farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kuma ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ba abin da ke sama da ya shafe shi.

Idan kamfanin ya ƙi bin doka, ina zan kai ƙara?

Ka fara da ofishin lauyoyin soja na sansaninka, kyauta ne, kuma wasiƙa daga gare su takan warware abin da kiran waya goma bai warware ba. Military OneSource na ba da shawarar kuɗi kyauta ga soja da iyalinsa. A bashin gwamnati akwai ofishin sauraron koke na hukumar tallafin ɗalibai a studentaid.gov, a na banki kuma hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta CFPB tana karɓar ƙorafi. Ko ina za ka je, ka tafi da kwafin takardar kiranka aiki, da takardun albashi, da ranar kowane kira da sunan wanda ka yi magana da shi.